Yaya Ya Samo Mana Limozin Mai Araha, Amma Hankalina Bai Kwanta Ba

Assalamu alaikum. Mahaifinmu zai cika shekara 70 nan da mako uku. Ya yi shekara 38 yana aikin direba, yana tuƙa manyan mutane, yana buɗe musu ƙofa, yana jiransu a waje har su gama abin da ya kai su. Mu 'ya'yansa muka haɗa kuɗi domin mu yi hayar doguwar motar alfarmar nan da ake kira limozin, ta ɗauke shi daga gida zuwa inda muka shirya masa liyafa, tafiyar kamar awa ɗaya a hanya mai hawa da gangara. Burinmu shi ne ko sau ɗaya a rayuwarsa ya zauna a baya, wani ya buɗe masa ƙofa. Babban yayanmu ya samo wani mutum da ya ce zai ba mu motar da direba a kan rabin abin da kamfanoni suka nema, har ya ba shi kafin alƙalami. Sai dai mutumin ba shi da ofis, hotunan motar kawai ya turo ta waya, yana son a cika masa kuɗinsa a hannu kafin ranar, kuma ya ce babu buƙatar rubuta komai. Mu 14 ne har da jikoki huɗu. Mutumin ya ce motar ta mutum 10 ce, amma in an matsa za ta ɗauke mu. Da na nuna damuwa, sai Yaya ya ce na cika tsoro da son kawo cikas. Ba na son in ɓata da shi, ba na kuma son in yi shiru. Wace shawara za ki ba ni?

Daga wata ƙanwa mai damuwa.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ku kuma ya ba ku 'ya'yan da za su tuna da ku kamar yadda kuka tuna da shi. Mutumin da ya shafe shekara 38 yana kallon manya ta madubin gaba ya cancanci ranar da shi ma za a tsaya masa a bakin ƙofa, saboda haka ba zan ce ku fasa ba. Abin da zan ce shi ne damuwarki tana bisa hanya, kuma cinikin da Yaya ya ƙulla, a yadda kika bayyana shi, bai kamata ya wuce inda ya tsaya ba, ko da kuwa kafin alƙalamin zai salwanta. Zan kawo miki dalilai dalla-dalla, domin idan za ki tunkari babban wa, gara ki je da hujja a hannu da ki je da faɗuwar gaba kawai.

Abin da yawancin masu haya ba su sani ba shi ne, irin wannan doguwar mota ba a haka take fitowa daga masana'anta ba. Mota ce ta yau da kullum, mai tsawon mita biyar da 'yan kai, wadda wani kamfani dabam yake saya, ya kwashe kujerunta, ya yanka ta gida biyu daga rufi har ƙasa, ya raba gaba da baya, sannan ya cike tsakiyar da sabon ƙarfe da walda. Duk abin da ya ratsa motar daga gaba zuwa baya sai an ƙara masa tsawo, tun daga bututun man birki da na fetur har zuwa wayoyin lantarki da salansa da farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Sana'ar ta daɗe, domin tun wajen 1928 kamfanin Armbruster da ke garin Fort Smith a jihar Arkansas ta Amurka ya fara miƙa motoci haka, makaɗa suna shiga da kayan kiɗansu suna yawo gari-gari. Idan an yi aikin tsakani da Allah, ana ƙarfafa ƙashin motar, a sauya birki da sifirin da tayoyi zuwa waɗanda za su iya da sabon nauyin. Idan kuwa tsimin kuɗi aka sa a gaba, sai a bar birkin da aka ƙera domin mutum biyar yana fama da ninkin wannan adadi da ƙarin ƙarfe, a lulluɓe komai da fata mai laushi da fitilu masu launi. A hoton waya su biyun duka sheƙi suke yi, ɗayar kuwa kyan ɗan maciji gare ta.

Wannan ne ya sa manyan kamfanonin ƙera motoci suka kafa tsarin tantance masu miƙa motocinsu. Ford yana da nasa da ake kira QVM, Cadillac ma yana da nasa, kuma a tsarin Ford ba a yarda a ƙara wa Lincoln Town Car, wadda ta daɗe tana fin kowace mota yawa a wannan sana'a, fiye da inci 120 ba, wato kimanin mita uku. Ki kuma riƙe cewa an daina ƙera Town Car tun 2011, Hummer H2 kuma tun 2009, don haka idan ɗaya daga cikinsu ce a hoton da aka turo wa Yaya, ta haura shekara goma a duniya komai sabuntar fentinta. Tsufa ba aibu ba ne ga motar da ake kula da ita, Baba da kansa zai gaya miki haka. Amma tsohuwar walda da tsohon bututun birki suna buƙatar idon bakanike a kai a kai, wannan idon kuwa kuɗi yake ci, kuma daga kuɗin haya ake fitar da shi.

Da na karanta inda kika ce hanyar tana da hawa da gangara, abin da ya faɗo mini shi ne hatsarin garin Schoharie a jihar New York, ranar 6 ga Oktoba 2018. Mutum 17 ne, 'yan'uwa da abokai, cikinsu har da mata huɗu 'yan gida ɗaya, suka shiga wata Ford Excursion ƙirar 2001 da aka ƙara wa inci 144, za su je murnar cikar ɗayarsu shekara 30. A kan wata doguwar gangara birki ya ƙi, motar ta sauko da gudun da ya wuce kilomita 160 a awa, ta ƙetare mahaɗar hanya ta afka cikin kwazazzabo. Duk wanda ke ciki ya rasu har da direban, tare da mutum biyu da ke tsaye a wurin ajiye motoci, jimla mutum 20. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa motar ta faɗi gwajin jami'an sufuri a watan Maris da kuma Satumba na wannan shekarar, an hana ta hawa titi, amma aka ci gaba da ba da ita haya. Direban ba shi da izinin ɗaukar fasinjoji masu wannan yawa, kuma babu fasinja ko ɗaya da ya ɗaura bel, bel ɗin ma suna cushe a ƙarƙashin kujeru inda ba a ganinsu. A 2023 kotu ta yanke wa mai tafiyar da kamfanin ɗaurin shekara 5 zuwa 15. Ban kawo wannan domin in tayar miki da hankali ba. Na kawo shi ne domin matsalolin motar da ta hallaka mutanen nan suna rubuce a takarda tun kafin ranar, kuma takarda ita ce ainihin abin da mutumin Yaya ya ce babu buƙatarta.

Maganar 14 a motar mutum 10 kuwa ba ta da wani sassauci a wurina. Ko adadin da masu haya ke faɗa sau da yawa na talla ne, ana auna tsawon benci a raba shi da ƙugun siraran mutane, ba a lissafa manyan kaya da jakunkuna da dattijon da ke son miƙe ƙafa. Adadin gaskiya shi ne yawan bel ɗin da ke aiki, da kuma abin da takardar motar ta ba da izini. A ƙasashe da dama doka ta ja layi a kan wannan adadi. A Birtaniya, alal misali, motar haya mai ɗaukar fasinja takwas ko ƙasa da haka lasisin ƙaramar hukuma take buƙata, amma da ta kai tara ta koma rukunin motocin jigilar jama'a, da lasisi dabam da sharuɗɗa masu tsauri. Jihar New York ma bayan Schoharie ta yi dokoki a 2020 da suka tilasta sa bel a kowace kujera da lasisin tuƙin kasuwanci ga direbobin manyan limozin. Ki bincika abin da hukumar sufurin inda kuke ta tanada, domin da zarar kun wuce adadin da aka yarda, kamfanin inshora yana da ƙofar zillewa idan wani abu ya faru.

Akwai kuma batun fita. Yawancin waɗannan motoci ƙofofin fasinja a can baya suke, wanda ya zauna kusa da shamakin da ya raba direba da fasinjoji kuwa sai duk waɗanda ke bayansa sun fita kafin ya isa ƙofa. A watan Mayun 2013, a kan gadar San Mateo a jihar California, wuta ta tashi daga bayan wata Lincoln Town Car ƙirar 1999 mai ɗauke da mata tara, alhali izininta na mutum takwas ne. Na'urar da ke ɗaga bayan motar ce ta lalace, ƙasan motar ya sauko yana gogar farfela har zafi ya kunna shimfiɗar ciki. Da yake wutar ta tare wajen ƙofofin, mata huɗu ta 'yar tagar shamakin direba suka kutsa suka tsira, biyar suka rasu, har da amaryar da ake yi wa murna. Daga baya jihar ta wajabta ƙarin hanyoyin fita na gaggawa a irin waɗannan motoci. Ki ƙiyasta mutum 14 a matse, huɗu yara, ɗaya dattijo mai shekara 70, a ce su fita cikin minti ɗaya. Jikokin ma kowannensu yana buƙatar kujerarsa da bel ɗinsa, ƙananan cikinsu kuma kujerar yara, wadda ba ta ɗauruwa yadda ya kamata a bencin gefe. Riƙe yaro a cinya ba ya hana shi fizgewa idan an taka birki da ƙarfi.

Sai arahar, wadda ita ce ta ja hankalin Yaya, kuma ban ga laifinsa ba, tunda kuɗin 'yan'uwa yake riƙe yana son ya nuna ya tattala shi. Tambayar da ta dace ita ce, daga ina rabin kuɗin ya fita? Mai kamfanin kirki yana biyan inshorar ɗaukar fasinja da kuɗi, wadda ta fi ta motar gida tsada nesa ba kusa ba, yana biyan lasisi, yana kai mota gwaji, yana sauya taya tun kafin ta suɗe, yana biyan direban da ya san aikinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da fasinja ke gani, shi ya sa su ne farkon abin da mai son karya farashi yake zubarwa. Inshorar motar gida a galibi ba ta ɗaukar nauyin hatsarin da ya faru ana jigilar mutane da kuɗi. Akwai kuma yiwuwar mutumin dillali ne kawai, motar ba tasa ba ce, hotunan ma wataƙila daga intanet ya kwaso su, zai karɓi kuɗinku ya cire la'adarsa ya nemo duk wanda motarsa ke zaune a ranar. Dillanci ba haramun ba ne, amma ku kuna da haƙƙin sanin motar wa za ku shiga. Mafi muni shi ne ranar ta zo, Baba ya shirya yana zaune, lambar wayar kuma a kashe. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a nan kuwa adon ma shi ne ƙaramin abin da za a rasa.

Tunda akwai mako uku, mafita ta farko mai sauƙi ce, wato ku nemi a nuna muku motar da rana tsaka a inda take kwana, ku tafi da bakaniken da kuka amince da shi. Gani ya kori ji. Ki buɗe ƙofar direba ki duba jikin ginshiƙin, za ki ga 'yar takarda ko faranti mai nuna iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, kuma kamfanin da ya miƙa ta, in na kirki ne, yakan liƙa tasa shaidar a wurin. Ki durƙusa ki karanta gefen taya. A ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanonin mota da yawa suna ba da shawarar a sauya taya bayan shekara shida ko da zanenta bai goge ba, motar haya ta alfarma kuwa takan daɗe a ajiye, tayarta ta bushe ta tsattsage alhali a ido sabuwa ce. Ki shiga ciki ki cusa hannu tsakanin mazauni da majingina ki zaro bel ɗaya bayan ɗaya, ki ƙirga su, ki gwada maƙala kowanne. Ki buɗe kowace ƙofa daga ciki, ki tambayi inda tukunyar kashe gobara take. A rufe ƙofofi a kunna injin da na'urar sanyaya, ki zauna a can baya minti goma, idan kin ji warin hayaƙi to salansa yana yoyo, kuma hayaƙin mota a rufaffen wuri yana kisa ba tare da an ankara ba. Bakanike shi kuma ya leƙa ƙasa ya duba tsatsa a wurin haɗin walda da jikin bututun birki, sannan a ɗan zaga da ita ya ji yadda take tsayawa. A ƙarshe ki nemi takardun rajista da na inshora da na gwajin lafiyar mota, ki tabbatar lambar da ke jikinsu ita ce a jikin motar. Duk wannan ba zai ci awa ɗaya ba, kuma mai gaskiya ba ya jin haushinsa.

Direban ma sai an tambaya, domin rabin abin da kuke biya shi ne. Tuƙa mota mai tsawon mita takwas da rabi ba daidai yake da tuƙa ƙaramar mota ba, tana buƙatar fili mai faɗi kafin ta sha kwana, tana daɗewa kafin ta tsaya, kuma idan ta gitta titi takan toshe shi gaba ɗaya. A watan Yulin 2015, a Cutchogue da ke tsibirin Long Island, wata limozin mai ɗauke da mata takwas tana ƙoƙarin juyawa a tsakiyar babbar hanya sai wata a-kori-kura ta dake ta a gefe, huɗu daga cikinsu suka rasu. Gefen nan da aka ƙara shi ne wuri mafi rauni a jikin motar, kuma a nan fasinjoji ke jingina bayansu. Ki nemi sunan direban da irin lasisinsa, ki ji shekara nawa ya yi yana jan irin wannan mota, ki kuma tambayi aiki nawa zai yi kafin naku, domin wanda ya kwana yana jigila ba shi ne ya kamata ya sauko da iyalinku gangara ba. Direban da ya ƙware yakan so ya san hanyar tun kafin ranar, ya san inda zai juya da inda zai ajiye mota, kuma a doguwar gangara yakan sa ƙaramar giya domin injin ya taya birki riƙe nauyi, maimakon ya ɗora ƙafa a birki har ya yi zafi ya saki.

Duk wanda kuka daidaita da shi, a rubuta. A sa lambar motar da ƙirarta da adadin fasinja, da lokacin zuwa da na tashi, a kuma fayyace ko awannin suna farawa ne daga fitowarta gareji ko daga isowarta ƙofar gida, domin a nan rigima ta fi tasowa. A rubuta kuɗin ƙarin awa, da wanda zai biya mai da kuɗin ajiye mota, da abin da za a caje ku idan yaro ya zubar da wani abu a kujera, da yadda za a mayar da kuɗi idan su ne suka saɓa. Sharaɗin da na fi so ki nace a kansa shi ne na canjin mota, wato idan wadda kuka gani ta lalace, ba za a turo wata ba sai da yardarku. An ba da rahoton cewa fasinjojin hatsarin Schoharie ma wata motar suka fara kamawa, da ta samu matsala ne suka koma cikin gaggawa ga wadda ta hallaka su. Ku biya ta hanyar da ke barin shaida, a ba ku rasit, cikon kuɗin kuma sai motar ta iso.

Yanzu bari in faɗi abin da ba ki tambaya ba. Na taɓa shiga irin wannan mota a wani taro tare da wata dattijuwa mai ciwon gwiwa, kuma abin da na fi tunawa shi ne yadda ta sunkuya ta shiga, rufin ya yi ƙasa ba ta iya miƙewa, ta riƙa jan jiki a benci tana dafa gwiwoyin mutane har ta samu wuri. Da muka isa, motar ta kasa shan kwanar ƙofar shiga, direba ya yi gaba ya yi baya har sau uku, ƙarshe a bakin titi aka sauke mu muka ƙarasa da ƙafa, ita kuma sai da mutum biyu suka kama ta kafin ta fito. Saboda nisan da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya, cikin motar yana iya zama a kan tudun rage gudu ko a bakin hawa mai tsini, kuma masu zaman gefe sukan ji jiri a hanya mai kwana-kwana. Saboda haka ki bi hanyar da kanki kafin ranar, ki dubi faɗin layinku da ƙofar wurin liyafar, kuma idan an yi hayar, kujerar baya mai fuskantar gaba, wadda ke dab da ƙofa, ita ce ta Baba.

Wannan ya kawo ni ga ra'ayina, wanda kuna iya ɗauka ko ku bari. Sunan limozin daga yankin Limousin na ƙasar Faransa ya samo asali, kuma tun farko abin da ake nufi da shi mota ce wadda fasinja ke zaune a rufe, direba kuma yana nasa wuri dabam, ƙara mata tsawo kuwa sai daga bisani aka fara. Abin da kuke so ku ba Baba, wato ya zauna a baya a buɗe masa ƙofa, babbar motar alfarma mai ƙofa huɗu da ta fito daga masana'anta ba tare da yanka ba za ta ba shi cikakke, da direba mai tsabta da ladabi, shi da mahaifiyarku ko wanda ya zaɓa. Sauran ku bi shi a ƙaramar bas mai kujerun kowa da bel ɗin kowa. Irin motar da ya yi shekaru yana tuƙawa ke nan, kuma ina kyautata zaton kujerar da ya fi sani, wadda bai taɓa zama a kai ba, za ta fi yi masa daɗi a kan benci mai fitilu. Idan kuma zukatanku sun kafe a kan doguwar, babu laifi, ku ɗauki ta kamfanin da ya nuna takardunsa, mutum takwas ko adadin bel ɗinta su shiga, ragowar su bi a wata motar.

Game da Yaya kuwa, kada ki ɗauko maganar a gaban ƙanne ko a zauren wayar da kuka haɗu duka, domin babban wa da aka gyara wa kuskure a bainar jama'a yakan kare kuskuren ne don ya kare girmansa. Ki same shi shi kaɗai, ki fara da gode masa a kan wahalar da ya sha, sannan ki ce masa wani abu kamar haka: “Yaya, alfarma ɗaya nake nema. Baba bai taɓa fita da mota bai duba mai da ruwa da taya ba, ina ganin bai dace mu sa shi a motar da ba mu gani ba. Mu je mu gan ta tare, in ta yi, ni ce zan fara ba ka haƙuri.” Da wannan kin mayar da hukuncin hannunsa, kin kuma bar mai motar ya tona kansa, domin idan ya fara kawo uzuri, yau tana wurin wanki, gobe tana wani gari, Yaya ba yaro ba ne, zai gane. Ki kuma sauƙaƙa masa janyewa ta hanyar cewa tun yanzu idan kafin alƙalamin bai dawo ba, asarar ta kowa ce, a raba ta daidai, kada wani ya sake tayar da zancen. Sau da yawa abin da ke hana mutum juyawa shi ne kunyar kuɗin jama'a da ya riga ya fitar. Zai kuma taimaka idan kin je da farashin kamfani biyu ko uku a rubuce, domin ya ga kin zo da mafita.

Idan duk da haka ya ƙi a je a gani, to ki sanar da mahaifiyarku ko wani babba da yake jin maganarsa, ki kuma faɗa cikin ladabi cewa ke da yaranki ba za ku shiga ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ta kama, ki gaya wa Baba da kansa ko da shirin ba-zata zai rushe, domin a cikinku babu wanda ya kai shi sanin mota, kuma tambaya biyu zai yi wa mutumin a waya ya san ko direba ne ko mai neman kuɗi.

Idan ranar ta zo, ki keɓe da direban da aka turo ki gaya masa ko wane ne zai ɗauka, domin ɗan sana'a yakan ƙara natsuwa idan ya san tsohon hannu ne a bayansa. Ki kuma sa ɗaya daga cikin jikokin ya riƙe hannun Baba tun daga ƙofar gida, saboda sabon shekara 38 zai iya kai shi ƙofar gaba, ko ya miƙa hannu zai buɗe wa kansa kafin direban ya zagayo.